Land Rover ɗin gado: in cire dainamo in sa altaneta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana Land Rover Series IIA ƙirar 1965, mai shan fetur. A cikin Katsina nake, ni nake riƙe da ita, da ita nake zuwa gona ta hanyar Daura. Inji lafiya lau, sai dai batir ba ya kwana biyu da caji, kuma in na tsaya a shataletale da dare fitila kan dushe ta koma kamar aci-balbal. Wani mai rewaya ya ce in samo altanetar kowace mota ya ɗaura mini cikin awa guda. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa Aljanna ce makoma, kai kuma Ya yi maka albarka da ka riƙe abin da ya bari.

Motar da ake zuwa gona da ita ana dawowa bayan magariba ta cancanci altaneta, ina bayanka a kan haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne "kowace" da kuma "awa guda". Ɗaura ƙarfen a jikin inji shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana cikin wayoyin da aka shimfiɗa shekara sittin da suka wuce domin ɗaukar wutar dainamo, ga shi yanzu za a tura musu ninkinta.

Kafin ka kashe ko sisi, tabbatar dainamon ne ya gaza. Dushewar fitila a tsaye ba ciwo ba ne, halinsa ne tun daga kamfani. Dainamo yana haɗa wutarsa a cikin amacan da ke juyawa, wutar duka ta fito ta kan tagullar kwamiteta ta bi buroshi, ɗan gawayin nan guda biyu. In aka juya shi da gudun da ya wuce kima sai gawayin ya riƙa tsalle, dalma ta narke, shi ya sa ba a iya sa masa ƙaramin fuli. Saboda haka idan inji yana silo, dainamo bai kai juyin da zai yi caji ba, katawut, akwatin da ke daidaita cajin dainamo, ya raba shi da batir, komai na motar ya koma shan batir. Amma batirin da ba ya kwana biyu wata magana ce daban. Yana iya zama batirin ne ya mutu, zafin bazarar Katsina kuwa ba ya barin batir ya tsufa. Yana iya zama fambel ya saki, ko gawayi ya cinye, ko ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta lulluɓe kwamiteta, ko kuma wata waya na satar wuta cikin dare.

Gwajin ba wuya. Batir mai lafiya da ya kwana bai yi aiki ba zai nuna wajen bolt 12.6 a mita. Shi kuma dainamo, a cire wayoyinsa biyu, babbar D da ƙaramar F, a haɗa ƙafafun biyu da guntuwar waya, a sa mita tsakaninsu da bodi, a tayar da inji a ƙara totur a hankali. In yana da rai allura za ta hau nan da nan ba tare da rawa ba. Kada a bari ta wuce bolt 20, kada kuma a yi wa injin ihu. Idan ya ci wannan gwaji, to laifin na katawut ne ko na waya, kuma altaneta ba za ta warkar da ruɓaɓɓiyar waya ba.

Ko da ya ci gwajin, ga lissafin da ya sa na ce ka canza. Dainamon Lucas C40 da ke kan irin motarka iyakarsa amfiya 22, shi ma sai inji na gudu. Fitilun gaba biyu masu wat 55 suna shan wajen amfiya 9. Ƙananan fitilu na gaba da baya da na dashbod, ka sa 2 zuwa 3. Kwayil, ka sa 3. In damina ce ga waifa. In ka taka burki, ƙwai biyu masu wat 21 sun ƙara 3 da rabi. Ka ga an kusa cinye 22 ɗin, batir bai samu komai ba. Ranar da ka ƙara fitilun daji guda biyu saboda ramukan hanya, wasu amfiya 9 ke nan, ka shiga cin bashi. Ita altaneta an juya tsarin ne. Maganaɗisun ne yake juyawa, wayoyin da ke haɗa wuta suna zaune daram a jikin kwanso, dayod-dayod suna daidaita wutar ta zama irin wadda batir ke karɓa. Buroshinta ɗan abin da zai ciyar da maganaɗisu kawai yake ɗauka, a kan zobba biyu masu santsi. Shi ya sa take jure juyi ninki biyu na dainamo, a sa mata ƙaramin fuli, ta yi caji ko inji na silo. Kamfanin Chrysler na Amurka ne ya fara sa ta a motar kasuwa a matsayin kayan asali, a Valiant ta 1960, lokacin da dayod ɗin silikon ya yi araha. Land Rover ba su bi sahu gaba ɗaya ba sai a Series III ta 1971.

Yanzu ga babbar magana, wadda in an yi kuskure a kanta ba a samun damar gyarawa. Je ka duba wane kan batir ne aka ɗaure da jikin mota. Motocin Ingila na wancan zamani fozitif suke ba bodi, Land Rover ba ta koma negatif ba sai 1967. Taka ta 1965 ce, don haka in ba wani ya riga ya juya ta ba, kan da ke da alamar + shi ne a bodi. Kada ka yi aiki da launin waya ko da abin da aka gaya maka, ka duba alamar da ke jikin batirin da idonka. Altanetar da za ka samu a kasuwa kuwa kusan dukkansu negatif ne a bodi. Idan aka ɗaura ta a motar da ba a juya ba, ba sai an tayar da inji ba: ana ɗora kan batir wuta za ta bi ta cikin dayod kai tsaye ta sauka bodi. An taɓa jawo mini wata tsohuwar mota gareji da igiya bayan an yi mata haka a wani wuri. Altanetar ko minti ɗaya ba ta yi aiki ba, babbar waya ta narke ta manne da 'yan'uwanta tun daga inji har bayan dashbod. Mai motar dattijo ne, ya tsaya yana kallonta bai ce uffan ba. Sati biyu muka yi muna zare waya ɗaya bayan ɗaya.

Juya motar zuwa negatif ba abin tsoro ba ne. A juya batir, a canza kawunan waya domin kan fozitif ya fi na negatif kauri, kuma kada a buga su da guduma a ce sun shiga. A musanya ƙananan wayoyi biyu na kwayil, ta yadda ƙafar − ce za ta tafi distiributa. In tsohon kwayil ne mai rubutun SW da CB, wayar distiributa ta koma SW, ta makulli ta koma CB, ko ma dai a sayi sabo mai + da −. In an manta da wannan mota za ta tashi, amma tartsatsin fulogi zai yi rauni, ka yi ta zargin kafireta da safe. A musanya wayoyin bayan agogon amfiya, in ba haka ba zai nuna caji a matsayin zuba. Kik ba ruwansa, yadda yake juyawa haka zai ci gaba, saboda maganaɗisunsa na naɗin waya ne. Haka ƙwayayen fitila da hon da tsofaffin injinan waifa. Abin da za ka bincika shi ne duk wani abu da aka ƙara daga baya: rediyo, famfon fetur na lantarki, wurin cajin waya.

Sai zaɓen altanetar. A nan mutane ke ruɗuwa da girma, su ɗauko mai amfiya 120 daga babbar jif suna ganin sun yi riba. Motarka ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, ba ta da kwamfuta, mai amfiya 45 zuwa 65 ta ishe ta har da saura. Fambel siriri guda ɗaya ba zai iya jan mai 120 ba in ta ɗauki kaya, sai ƙara da zamewa da ƙauri. Wadda ta fi dacewa ita ce ta gidansu, Lucas: 16ACR tana ba da amfiya 34, 18ACR wajen 45, sai A127 da ta zo bayansu ta fi su ƙarfi. Injin 2.25 na Series III ɗan'uwan naka ne, don haka in ka dace da ƙarfen ɗauri da fuli na Series III, za su zauna ba tare da yanka ko walda ba. Yana da kyau ka sa a duba maka a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna kafin ka haƙura. In ba a samu ba, altanetar tsohuwar Toyota ko ta Peugeot 504 tana yi, da sharaɗin a san irinta. Wasu na 504 regiletarsu, mai daidaita ƙarfin wutar caji, a waje take, ƙaramin akwati daban, in ba a haɗo da ita ba an sayi rabin kaya. Na Toyota sukan zo da soket mai ƙafa uku, S da IG da L: L ta fitilar caji ce, IG tana son wuta daga makulli, S kuma tana komawa batir don ta ji ƙarfinsa. Iri biyu ne nake hana mutane. Na motocin zamani da kwamfutar inji ke ba su umarni, waɗannan a motarka ba su da mai yi musu magana. Sai na wasu motocin dizal masu famfon iskar burki manne a bayansu, wanda ke buƙatar bututun mai.

In kayan Beljiyam za ka saya, a gwada a gabanka. Ka juya fulin da hannu ka saurara, in kana jin gurnani boris ya tafi.

Wajen ɗauri, dainamo ya fi altaneta tsawo, saboda haka ƙafar baya ba za ta faɗa inda tsohuwar take ba. Ana cike tazarar da guntun bututun ƙarfe da aka yanka daidai, doguwar kusa ta ratsa. Tarin wosha ba ya riƙewa, hanyar gona za ta kwance shi. In altanetar ta zo da fuli mai layi-layi na faffaɗan bel, a canza shi da mai kwari ɗaya wanda faɗinsa ya yi daidai da na inji. Sa'an nan a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin inji da na altaneta a ga sun hau layi ɗaya. Ido kaɗai ba ya isa. Karkata kaɗan ta isa ta riƙa cin fambel duk wata, ta kashe boris, kuma ka tuna wannan fambel ɗin shi ke juya famfon ruwa. In ya tsinke tsakanin Mashi da Daura da tsakar rana, ba caji kaɗai ka rasa ba. Ɗaurin kuma kada ya yi tsauri: in ka danna tsakiyar bel da babban yatsa ya sauka kamar santimita ɗaya, ya yi.

To, ga inda nake so mai rewayarka ya zauna ya natsu. Altaneta irin ta Lucas da na ambata tana da regileta a cikinta, don haka katawut ya gama aiki, amma ba a cire shi a jefar haka nan, domin mahaɗa ce ta wayoyin motar. Duba ƙafafunsa. In ka ga A1, A, F, D, E, to RB106 ne. In ka ga B, F, WL, D, E, RB340 ne. A na farkon, wayoyin A da A1 su ne ke kai wuta batir da makulli da fitilu, dole a haɗe su wuri guda da kyau. Siririyar wayar da ke kan D tare da babbar, ita ce ta jar fitilar caji da ke dashbod. Ita za a haɗa da tsohuwar wayar F, can ɗaya bakin kuma a sa ta a ƙaramar ƙafar altaneta, wadda ake rubuta wa IND ko D+ ko L. Wayar E ta bodi ce, a naɗe ta a ajiye. Littafi zai gaya maka launin kowace, amma bayan shekara sittin na rana da mai da hannun masu gyara, duk sun koma kalar ƙasa. A bi kowace da mita daga baki zuwa baki.

Da yawa sukan ɗauki tsohuwar babbar wayar D su ɗaura a bayan altaneta su ce an gama. Ni ba na yi. Wannan waya an auna ta ne da amfiya ashirin da 'yan kai, kuma hanyarta mai nisa ce: ta je katawut, ta shiga bayan dashbod, ta ratsa agogon amfiya, kafin ta dawo batir. Agogon kansa iyakarsa 30. Ranar da batir ya yi sanyi ka tayar da mota, altaneta za ta turo duk abin da take da shi ta wannan siririyar hanya, a bayan allon da ke gaban gwiwarka. Kuma fiyus biyu ne kacal a motar nan, babu wanda ke tsaron wannan layi. Abin da nake yi shi ne in ja sabuwar waya daga babbar ƙafar altaneta kai tsaye zuwa inda babbar wayar batir ke sauka a makunnin kik. Mai kaurin milimita 6 murabba'i ta isa amfiya 45, in ta kai 60 ko 70 a sa mai 10. Tagulla ta gaske nake nufi. Akwai wayar da ke yawo a kasuwa, roba ce mai kauri da 'yan silalla a ciki, wata ma alminiyom ce aka shafa wa jan launi. Ka sa a feɗe bakinta ka kankara da wuƙa, in ta yi fari ka ajiye musu. A sa babban fiyus a layin kusa da ɓangaren batir, wanda ya ɗara ƙarfin altanetar kaɗan. Kawunan waya a matse su da abin matsewa, kada a murɗa da hannu a naɗe da salatif.

In an yi haka agogon amfiya ba zai ƙara nuna caji ba, sai abin da mota ke sha, domin cajin ya bi wata hanya. Kada hankalinka ya tashi. Ka bar shi a wurinsa don kyan dashbod, ka ƙara ƙaramin agogon bolt a gefe, shi ne ma ya fi gaya maka gaskiyar altaneta. Kada a manta da wayar bodi tsakanin inji da shasi. Duk wutar da ta fita ta nan take komawa, in ta yi tsatsa za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok. A kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, a sa sabuwa.

Jar fitilar caji kuma ba ado ba ce. Ta cikin ƙwanta ɗan wutar da ke tayar da maganaɗisun altaneta yake bi. Ƙwai na asali mai wajen wat 2 ake so. In ya mutu, ko aka sa na zamani mai LED wanda ba ya jan wuta, altaneta ba za ta fara caji ba sai an taka totur da ƙarfi, wani lokaci ma ko an taka. Na ga an kwance lafiyayyar altaneta an mayar wa mai kaya saboda ƙwan da bai kai kuɗin shayi ba. In kuma ka kashe makulli inji ya ƙi mutuwa, wuta ce ke dawowa ta wannan layi, dayod ɗaya a kan wayar yana magance shi.

Akwai ɗabi'ar da dole a bari daga ranar da aka canza. Masu gyara sun saba zare kan batir inji na aiki don su ga ko mota na caji. A zamanin dainamo aka koyi wannan, shi yana jurewa. Altaneta in aka raba ta da batir tana cikin aiki, wutarta kan yi tsalle sama ta kashe dayod ko regileta. Duk wanda ya kai hannu kan batirinka da wannan niyya, ka riƙe hannunsa ka miƙa masa mita. Haka in za a yi walda a jikin motar, a cire batir a zare wayoyin altaneta. In za a ba ka wuta daga wata mota, a duba + da − sau biyu, musamman da yake an san motar da fozitif a bodi shekara da shekaru. Ni nakan rubuta da fenti kusa da batir cewa an juya ta.

Gaskiya kuma akwai abin da za ka rasa. Dainamo yana riƙe ɗan maganaɗisu a ƙarfensa, saboda haka ko batir ya yi sanyi ƙwarai, in an tura motar da gudu yakan farfaɗo da kansa ya ba kwayil wuta. Altaneta tana son ta tarar da ɗan abu a batir kafin ta ba da nata. Kuma dainamo abu ne da ake gyarawa a gindin bishiya da gawayi biyu da 'yar takardar yashi da ɗigon mai a bushin baya. Saboda haka in da motar ta fita ce kawai ranar sallah ko ɗaurin aure, da na ce ka bar ta yadda Ingila ta ƙera ta. Akwai ma altanetar da ake yi a cikin kwanso mai siffar dainamo, har da ta fozitif a bodi, don masu son ido ya ga asali, sai dai daga waje ake odarta, da tsada, kuma in ta lalace a nan kayanta ba sa samuwa. Ga mai zuwa gona ban ga amfaninta ba. Abin da nake roƙonka shi ne kada a yanka ƙarfen asali, kada a huda abin da ba sai an huda ba. Dainamon da katawut da ƙarfen ɗaurinsu ka shafa musu mai ka sa a kwali ka ajiye a ɗaki. Kayan mahaifinku ne, kuma duk ranar da wani cikin 'ya'yanka ya so mayar da ita yadda take, yini ɗaya ya ishe shi.

Masu Peugeot 404 da ke karanta wannan, naku ya fi sauƙi, bolt 12 ce kuma negatif ne a bodi tun asali. Masu Volkswagen Beetle kuwa ku yi hattara, sandar dainamonku ita ke juya fankar da ke sanyaya inji, don haka sai altanetar da aka yi domin ita, da mazauninta, kuma sau da yawa sai an canza famfon fetur da mai karkata don ya ba ta wuri.

Idan an gama, kada ka biya sai an gwada a gabanka. Ka murɗa makulli, jar fitila ta kama. Ka tayar, ta mutu. Mita a kan batir ta nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4. In ta haura 14.8 regileta ba ta da lafiya, za ta dafa maka batir ta ƙone ƙwayaye. Ka kunna fitilun gaba da waifa da duk abin da ke motar, inji na ɗan sama da silo, kada ta sauka ƙasa da 13.5. A bar ta haka minti goma, sa'an nan ka bi sabuwar wayar da tafin hannunka tun daga altaneta har makunnin kik, ka taɓa kowace mahaɗa, ka zura hannu bayan dashbod. Ɗumi kaɗan ba komai, amma duk inda ya ƙona maka yatsa a kwance a sake. Bayan tafiyarka ta farko zuwa gona ka sake duba ɗaurin fambel, sabo yakan saki.